Aikin mishan da kallon namun daji a tafiya guda: abin da shirin mako biyu na Kenya da Tanzaniya yake bayarwa

Akwai wani shirin tafiya da kamfanonin yawon buɗe ido da ƙungiyoyin mishan suke tallata wa majami'u da ɗalibai da ma'aikatan lafiya. Mako biyu ne a Gabashin Afirka: kwana takwas ko tara ana aikin sa-kai a asibiti ko makaranta ko wurin gini, sauran kwana uku ko huɗu kuma a wuce gandun daji a ga zaki da giwa kafin a hau jirgin komawa gida. Kuɗi ɗaya ake biya dunƙule, ya haɗa da masauki da abinci da mota da jagora. Hukuncina a kansa shi ne: ɓangaren kallon dabbobi kusan kullum yana cika alkawari, ɓangaren aikin ne yake iya zama alheri ko ya zama ɗawainiya ga masu masauki, kuma tun kafin a biya ko sisi ana iya gane wanne za a samu.

Abin da ya sa haɗin ya yi sauƙi shi ne ƙasar kanta. Asibitin Kijabe, wanda ya faro a 1915 a hannun mishan ɗin da Peter Cameron Scott ya kafa a 1895, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai ce daga Nairobi, a bakin gangaren babban kwarin nan da ya ratsa Kenya. Asibitin Tenwek da ke Bomet, wanda aka fara a 1937, sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da gandun dajin Masai Mara. A Tanzaniya akwai asibitin KCMC a Moshi, gindin dutsen Kilimanjaro, da aka buɗe a 1971, da asibitin Haydom na Lutheran tun 1955, duk a yankin da ake bi a shiga gandun dajin Tarangire da na Ngorongoro da na Serengeti. Waɗannan wurare sun shekara da shekaru suna karɓar baƙi, suna da ofishin da ke kula da su, da ɗakunan kwana, da ƙa'idoji a rubuce. Su ne ma'aunin da ya kamata a gwada kowane shiri da shi, domin sukan tambayi baƙo takardunsa da abin da ya iya, kuma sukan ce a'a.

Tambaya ta farko ga mai sayar da shirin ita ce: wa ya nemi wannan aiki? Idan ya iya faɗin sunan ikilisiya ko asibiti ko kwamitin makarantar da ya rubuto buƙatarsa, ya kuma haɗa ku da mutum ɗaya a can da za ku yi magana da shi kai tsaye, alama ce mai kyau. Idan amsar ita ce "in kun iso za a ga abin da za ku yi", to an ƙirƙiro aikin ne don ku, ba ku ne aka kira don aikin ba. A tuna cewa ƙidayar 2019 ta nuna kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen Kenya Kiristoci ne. Suna da fastocinsu da makarantun tauhidinsu, da Littafi Mai Tsarki a harsunansu. Wanda ya je, ya je ne ya kama wa 'yan'uwa aiki, kuma wa'azin da zai yi a Bomet sai an fassara shi zuwa Kipsigis, a Mara kuma zuwa harshen Masai, saboda haka minti ashirin na magana ya koma arba'in. Shiri nagari yakan biya tafinta albashinsa, ya sa shi cikin lissafi.

Sai maganar takardu, inda kamfanoni masu araha suka fi yin shiru. Izinin shiga na ɗan yawon buɗe ido ba izinin aiki ba ne, ko da aikin ba na albashi ba ne. A farkon 2024 Kenya ta koma tsarin eTA, wato izinin shiga da ake cikewa ta intanet kafin tafiya, amma mai aiki na ɗan lokaci yana buƙatar takardar izini ta musamman daga hukumar shige da fice, mai daɗewa a aikin addini ko na jinƙai kuma izinin rukunin I. A Tanzaniya 'yan mishan da 'yan sa-kai suna ƙarƙashin izinin zama na rukunin C. Ƙa'idojin sukan canja, shi ya sa masu masauki ne ya kamata su nema muku, su aiko da kwafi. Duk wanda ya ce muku "ku ce kawai yawo kuka zo" a filin jirgi, ya fara tafiyar bishara da koya muku ƙarya, kuma in asiri ya tonu, ku za a tsare, ikilisiyar da ta gayyace ku kuma ta sha tambaya. Likita sai da lasisin wucin-gadi daga majalisar likitocin ƙasar, nas ma haka daga tata majalisar, kuma wannan yakan ɗauki watanni, ba makonni ba. Ɗalibin da bai gama karatu ba kallo ne nasa da miƙa kaya. Abin da ba a yarda ya yi wa marar lafiya a garinsu ba, ba a yarda ya yi a Haydom ba.

Aikin lafiya na fita ƙauye, wato a kafa rumfa yini guda a duba ɗaruruwan mutane, shi ne ya fi kyau a hoto, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa. A auna mutum a ga hawan jini, a ba shi maganin kwana talatin, a tafi. Ranar talatin da ɗaya ba shi da magani, ba shi da kati, ba wanda ya san da shi. Ciwon sukari ma haka. Fitar tana da amfani ne kawai idan ma'aikatan asibitin yankin suna zaune a teburin, suna rubuta sunaye a littafinsu, suna ba da ranar dawowa. Abubuwan da suke ƙarewa a zama ɗaya su ne suka dace da baƙi: tabaron karatu daga lamba 1.00 zuwa 3.00 ga dattawan da idonsu ya daina ganin rubutu, tantance masu yanar ido a tura su inda ake fiɗa, gyaran na'urorin da suka tsaya. Magungunan da ake cika akwati da su kuma, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ya zama saura aƙalla shekara ɗaya kafin su lalace a ranar da suka iso, kuma hukumar magunguna ta ƙasar ta ba da izinin shigo da su. In ba haka ba kwastan su riƙe, ko kuma asibiti ya gaji kwalaye da rubutun da ba mai iya karantawa, ya biya kuɗin ƙonawa. Ya fi sauƙi a tura kuɗin a sayi maganin a Nairobi ko Arusha bisa jerin da mai harhaɗa maganin asibitin ya rubuta.

Gini yana da nasa agogon da ba ruwansa da ranar tashin jirginku. Kankare na yau da kullum awo ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, yana so a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Filasta tana so ta bushe makonni kafin fenti. Ayarin da yake da kwana takwas, yana kuma son hoton aji a gama, shi ne yake shafa fenti a kan ɗanyar filasta, kafin shekara bango ya kumbura ya saɓule. Tsarin da yake aiki shi ne magina na wurin, waɗanda ake kira fundi da Swahili, su fara wata biyu kafin zuwanku da kuɗin da kuka tura, ku kuma ku iso a matakin da hannu da yawa ke da amfani: jigilar bulo, tankaɗe yashi, kwaɓa, fenti a bangon da ya riga ya bushe. A tambaya ko an biya fundi cikakken ladansa. Idan zuwan mutum goma sha biyu ya hana leburori shida aikin mako guda, an yi asara, ba taimako ba.

Tankin tara ruwan sama yana cikin ayyukan da na fi yabawa, saboda lissafinsa a fili yake. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin aji mai murabba'in mita 100 zai tara lita 2,000 a ruwan milimita 20, a cire wajen kashi ɗaya cikin biyar na zuba da fantsama. Abin da yake kashe shi ƙananan abubuwa ne: indararo da ba a karkata shi sosai ba, rashin bututun da zai zubar da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsaye, gindin da ba a daidaita ba har tankin ya tsage in ya cika, da famfon da ya lalace ba wanda aka ɗora wa gyaransa. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Kafin a tashi, a san sunan wanda zai riƙe makulli da inda kuɗin gyara zai fito.

Masu son koyarwa su duba kalanda. Makarantun Kenya suna hutu a Afrilu da Agusta da kuma ƙarshen shekara, Agusta kuwa ita ce tsakiyar lokacin da dabbobi suka fi cika Mara, lokacin da kamfanoni suka fi son sayar da tafiyar. Sai a iso a tarar da azuzuwa a kulle, a tattaro yaran unguwa a yi waƙa da wasa a kira shi koyarwa. Ko makaranta tana buɗe ma, mako ɗaya bai isa baƙo ya karɓi aji daga hannun malami ba. Ya zauna da yara biyu ko uku masu jan ƙafa a karatu, ƙarƙashin malamin ajin, wannan yana da amfani.

Abu ɗaya da zan ce a tsallake gaba ɗaya shi ne ziyarar gidan marayu. Ƙungiyoyin kare yara sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, kuma kuɗin baƙi yana ƙarfafa a ci gaba da cika gidajen. Yaro ya shaƙu da baƙo mako guda, baƙo ya tafi, wani ya zo, haka shekara ta ƙare. Kenya da kanta ta ɗauki tsarin shekara goma daga 2022 na mayar da yara hannun iyali. Kamfanin da zai bar ku ku shiga wurin yara ba tare da ya nemi takardar shaidar 'yan sanda daga gare ku ba, ya bar wasu ma sun shiga. Haka nan, magani ko abinci ko ruwa kada a ɗaura shi da sharaɗin sai an saurari wa'azi. A raba wa kowa, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya, wanda yake son addu'a a yi masa.

A daji kuwa gani ya kori ji. Masai Mara wajen murabba'in kilomita 1,500 ce, tana manne da Serengeti wadda ta ninka ta kusan sau goma, kuma dabbobin ba su san iyaka ba. Nyumbu, wata dabba dangin kanki mai gemu da ƙaho irin na sa, fiye da miliyan ɗaya suke zagayawa tare da jakunan dawa da bareyi. Suna haihuwa a kudancin Serengeti wajen Ndutu daga ƙarshen Janairu zuwa Maris, su kai kogin Mara tsakanin Yuli da Oktoba, inda kadoji ke jiransu. Ba wanda zai iya yi muku alkawarin ganin tsallakawar. Garke yakan tsaya a bakin gaɓa sa'a uku, ya juya ya koma. Zaki da giwa da ɓauna da raƙumin dawa da kura da dorina, a kwana uku da wuya a rasa su. Damisa sai da jagora mai ido da haƙuri a bakin rafi, karkanda kuwa a Mara sai sa'a. Mai son ta ya nufi ramin Ngorongoro, mai zurfin kusan mita 600, ko tafkin Nakuru, ko ma gandun Nairobi da ke bakin birni tun 1946, wanda ya isa a cike safiyar ranar tafiya da shi. Tarangire ta giwaye ce da manyan kukoki, ta fi kyau da rani.

Kuɗin shiga ne ya kamata a fara fitarwa daga dunƙulallen farashin. Gwamnatin gundumar Narok, mai kula da Masai Mara, ta sa wa baƙo daga waje dala 100 a yini daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba, tun 2024, kuma tikitin na sa'a 12 ne, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Wanda ya sauka a wajen ƙofa, ya shiga da la'asar ranar farko, ya yini ta biyu, ya leƙa da safe ta uku, tikiti uku ya saya: dala 600 a Agusta, dala 300 a Fabrairu. Ga ayarin mutum 12 bambancin dala 3,600 ne, kuɗin da zai yi aiki mai yawa a makarantar da aka je dominta. Janairu da Fabrairu da Yuni suna da dabbobi, ba cunkoson motoci, makarantu kuma a buɗe. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, baƙar ƙasar yankin takan zama laka mai riƙe taya, mota ta kwana a hanya. A Ngorongoro kuma akwai kuɗin saukar mota cikin ramin daban da na mutum. A tambaya ko yana ciki.

A nemi farashin a rarrabe gida huɗu: jirgi, zama da ci a wurin aiki, kuɗin aikin kansa, da na daji. Dalilin ba na ciniki kaɗai ba ne. Yawancin masu wannan tafiya da gudummawar 'yan majami'a suke zuwa, kuma wanda ya ba da kuɗinsa don tankin ruwa bai bayar don tantin alfarma a bakin kogi ba. Kuɗin daji ya fito daga aljihun mai tafiya, a faɗa wa masu bayarwa haka a fili. Kamfanin da ya ƙi rarrabewa, galibi kason da yake kaiwa ga aikin ne ba ya son a gani.

Mota da direba su ne rabin daɗin dajin. Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa, mutum shida, kowa da tagarsa, ita ce daidai. Ƙaramar bas ta fi araha, amma araha ba ta ado: in ba mai jan ƙafa huɗu ba ce za ta maƙale, in an cusa mutum tara kuma na tsakiya ƙeyar 'yan'uwansa zai yi ta kallo. Jagororin Kenya suna da jarrabawa mai mataki uku, tagulla da azurfa da zinariya, kamfanoni kuma suna da ƙungiyoyinsu, KATO a Kenya da TATO a Tanzaniya, ana iya duba sunan kamfani a jerinsu. Daga Nairobi zuwa ƙofar Sekenani ta shiga Mara, in an bi ta Narok, sa'a biyar zuwa shida ne, saboda haka shirin da aka rubuta "kwana uku" yini ɗaya ne cikakke da gutsure biyu. Ƙaramin jirgi daga filin jirgin Wilson da ke Nairobi bai kai sa'a guda ba in bai tsaya a hanya ba, amma kaya kilo 15 ne a jaka mai laushi. A fita ƙarfe shida na safe, domin da rana ta take zakuna barci suke a inuwa. Kada a matsa wa direba ya sauka daga hanya ko ya kutsa kusa da dabba don hoto. Shi za a ci tara, kuma motoci ashirin da suka kewaye dabbar da ke farauta sukan sa ta kwana da yunwa. Filayen da Masai suka ba da haya a gefen gandun, irin su Naboisho da Mara North, suna ƙayyade yawan motoci, suna barin fita da dare, kuɗin hayar kuma yana shiga hannun masu ƙasa. Sun fi tsada, amma ga ayarin da ya ce don mutane ya zo, nan ne kuɗinsa ya fi dacewa.

Lafiyar matafiyi ba ta da wuya in an fara da wuri. Wanda ya fito daga ƙasar da ke da cutar shawara, kamar Nijeriya, za a nemi katin rigakafinsa, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a zaɓa tare da likita. Doxycycline miligiram 100 kullum ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba har mako huɗu bayan dawowa, yana sa fata ta ƙone da rana, kuma ba na mai ciki ba ne. Malarone kwana bakwai kawai ake ƙarawa bayan dawowa, amma ya fi tsada. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da aka sauka gida. A Tarangire da wasu sassan Serengeti akwai ƙudan tsando, baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo shi, cizonsa kuma yana ratsa rigar da ba ta da kauri, don haka a sa ruwan ƙasa ko ruwan toka. Kada a yi wanka a tafki saboda tsargiya. A tabbata inshorar ta haɗa da ɗauka da jirgi daga daji, kamar yadda likitocin jirgi na AMREF suke yi daga Nairobi, ta kuma amince da aikin hannu, domin inshorar yawo zalla takan ƙi biyan wanda ya faɗo daga tsani a wurin gini.

Sanyi yakan ba mutane mamaki. Kijabe da bakin ramin Ngorongoro duk sun haura mita 2,000 a tudu, safiyar Yuli a buɗaɗɗiyar mota sai da rigar sanyi da hula. Kowa ya riƙe tabaron hangen nesa nasa, lamba 8x42 ta wadatar, domin guda ɗaya ga mota yana nufin biyar ba su ga damisar ba. Leda haramun ce a Kenya tun 2017, a Tanzaniya tun 2019, a cire su daga kaya tun daga gida. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto ba ya shiga gandun sai da izini. Tsofaffin takardun dala ana ƙin karɓarsu, a riƙe sababbi marasa yagewa, da kuɗin ƙasar don ladan direba da masu dafa abinci, wanda ba ya cikin farashin. A sansanin da ba shi da shinge kuma, bayan magariba ba a fita daga tanti sai an haska tocila mai gadi ya zo ya raka, saboda da dare dorina take fitowa kiwo, hanyarta ta komawa ruwa kuwa sau da yawa ta tsakanin tantuna take bi.